Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Nazari domin shirin Kirsimeti

Karatu: Farawa 41:33-36, Luka 14:28-30, 1 Korantiyawa 16:1-2, Yakubu 4:13-15

Wani zai ɗauki wannan nazari ya ce, "Yau kuma maganar Kirsimeti? Ai ko hatsi ba a gama kaiwa gida ba." Da gangan muka yi. In muka bari sai Disamba ta kama, maganar ba za ta amfani kowa ba, gama a lokacin kowa ya riga ya shiga ruwa.

Mun san yadda makon ƙarshe yakan kasance a gidajenmu. Maigida ba ya barci saboda lissafi. Uwargida ta je wurin tela sau huɗu, a na biyar ta tarar ya kulle shago ya ɓuya. Kuɗin mota ya ninka, tumatir ya yi tsada, yara suna kuka domin sun ga takalmin 'ya'yan maƙwabta. A safiyar Kirsimeti kuwa, matan da suka kwana a bakin murhu su ne ke gyangyaɗi a majami'a sa'ad da ake karanta labarin makiyaya. Kafin a wanke tukwane Janairu ta shigo da kuɗin makaranta, ga mai bin bashi a ƙofar gida. Mala'iku sun yi shelar salama a daren da aka haifi Mai Ceto, amma a gidaje da yawa na masu bi babu makon da salama take ƙaranci kamar wannan. Ya kamata mu tambayi kanmu dalili.

Wata kasuwa a bakin Nilu

Bari in kai ku wata ƙasa mai nisa, wadda duk da nisanta ba baƙuwa ba ce gare mu. Babban birnin Sudan garuruwa uku ne a haɗe: Khartum, da Omdurman, da Bahri. Suna zaune a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu suka zama kogi guda, wanda ya miƙe arewa har Masar. A tsakiyar Khartum, kewaye da babban masallacin birnin, akwai kasuwar da ake kira Suk al-Arabi. Kafin yaƙin da ya tashi a 2023 nan ce cibiyar gari. Motocin haya daga unguwanni nan suke sauke mutane. Ga masu sayar da zinariya, ga yadi da takalma da turare, ga masu gyaran waya, ga mata masu dafa shayi a gindin kowane gini. A ƙetaren kogi kuma akwai tsohuwar kasuwar Omdurman, inda ake samun kayan yaji da na fata.

Bahaushe ya daɗe a can. Shekaru aru-aru mutanen ƙasarmu suna bin hanyar gabas a ƙasa zuwa Makka, ta Borno, da Wadai, da Darfur, har bakin Nilu, daga nan zuwa Suwakin a gaɓar Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a mai yawa zuwa Sudan, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu kuwa sunansa ya ci. Tsiren da mutanen Khartum suke so ma sunan Hausa gare shi, suna ce masa agashe.

Waɗannan matafiya Musulmi ne, kakannin maƙwabtanmu, amma akwai abin da mai bi zai koya a wurinsu. Ba wanda ya isa ya ɗauki guzurin irin wannan tafiya a ka tun daga Kano. Sai su yi zango, su yi noma da damina ko su yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, su tara abin da zai kai su zango na gaba, sa'an nan su tashi. Wasu sukan yi shekaru a hanya. Babbar tafiya ce, amma sun yanka ta gunduwa-gunduwa, kowane zango da nasa tanadi. Su ne suka san gaskiyar karin maganar nan da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna da 'yan'uwa masu bi a birnin. Bishara ta riga mu isa can: kusa da Khartum akwai kangon Soba, babban birnin daular Kirista ta Alwa, wadda ta tsaya har wajen shekara ta 1500. Akwai Kibɗawa, waɗanda unguwar Masalma a Omdurman ta shahara da su, akwai Katolika da Anglikan, akwai kuma mutanen duwatsun Nuba. Mishan ta SUM, wadda ta sauka Wase a 1904, ita ce ta buɗe aiki a Heban cikin duwatsun Nuba a 1920, SIM ma ta yi aiki a ƙasar. Saboda haka ɗan COCIN da ɗan ECWA suna da 'yan ɗaki a Sudan, ko ba su taɓa ji ba. Kasuwa guda suke ci da Musulmi. Telan da ya ɗinka kayan Sallah shi ne zai ɗinka na Kirsimeti, cincin ɗin nan da suke kira ka'ak kuwa, mata sukan toya shi a bikin nan da wancan.

Shekarun da suka koyar da su

A ranar 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle. Kiristoci da yawa suka koma kudu, gwamnatin Khartum kuma ta cire Kirsimeti daga ranakun hutun ƙasa. Sai a Disamba 2019, bayan faɗuwar Umar al-Bashir, gwamnatin riƙon ƙwarya ta maido da hutun, masu bi suka fito titunan Bahri suna waƙoƙi. Mu da muke samun hutun kwana biyu kowace shekara ba tare da mun roƙi kowa ba, ba mu cika gode wa Allah a kansa ba.

Rabuwar ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, tattalin arziki ya fara tangaɗi. A Disamba 2018 kuɗin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa fam uku, zanga-zanga ta ɓarke a garin Atbara ranar 19 ga wata, saura kwana shida Kirsimeti. A Khartum layi uku ake bi: na burodi, na mai, da na banki. Mutum yana da kuɗinsa a ajiye amma ba zai iya cirewa ba. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a Nijeriya a farkon 2023 ba ya bukatar a yi masa bayani.

To, a ce mata biyu ne a unguwa guda a Omdurman a wannan shekara, albashin mazajensu ɗaya. Ta fari tun watan tara take sayen abu kaɗan-kaɗan, yau sukari, jibi fulawa, wani mako man girki, yadin yara kuma ta kai wa tela tun kafin layi ya yi tsawo. Ta biyu ta ce sai an biya albashin Disamba za ta shiga Suk al-Arabi ta gama kome rana ɗaya. Albashi ya shiga, banki ya ce babu kuɗi. Ba wadda ta fi wata ibada a cikinsu, ba kuma wadda ta san abin da zai faru a Atbara. Bambancin kawai shi ne, ɗaya ta rataya bikin gidanta duka a kan rana guda, ranar kuwa ta tsinke.

Ruwan da ke wucewa ta gaban Khartum shi ne ya shayar da gonakin Masar a zamanin Yusufu. Ku duba Farawa 41 da kyau. Da Yusufu ya gama fassara mafarkin Fir'auna, bai tsaya nan ba. Ya ba da shawara a nemi mutum mai hankali, a naɗa wakilai, a riƙa karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona dukan shekaru bakwai na ƙoshi, a tara a birane. Wato cikin kowane dami biyar, ɗaya na gobe ne. Yusufu mutumin Allah ne, Allah ne kuma ya bayyana masa asirin, duk da haka sai da aka gina rumbuna, aka auna, aka rubuta. Wahayi bai hana lissafi ba.

Manzo Bulus ma haka ya yi. Sa'ad da ake tara gudunmawa domin matalautan Urushalima, ya umarci Korantiyawa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta kowane mako, gwargwadon samunsa, don kada sai ya iso a fara kai da kawowa. A wasiƙarsa ta biyu, sura 8 da 9, mun ga tun shekarar da ta wuce suka fara, ya kuma aiki Titus da waɗansu 'yan'uwa su riga shi zuwa. Dalilin da ya bayar shi ne abin lura: yana so kyautar ta fito daga zuciya, kada ta zama kamar an ƙwata. Bulus ya san halin ɗan Adam. Abin da aka shirya tun da wuri da murna ake ba da shi. Abin da aka matsa wa mutum a ƙurarren lokaci kuwa, ko ya bayar, da gunaguni zai bayar. Shi ya sa maigidan da ke da kirki dukan shekara yakan zama zaki a makon Kirsimeti.

Shiri rashin bangaskiya ne?

Na san wani zai ce, "Ashe, Yesu bai hana mu damuwa da gobe ba?" Ya hana, a Matiyu 6, ya kuma nuna mana tsuntsaye da furannin jeji. Amma damuwa dabam, shiri dabam. Mai damuwa yana kwance yana juyi, yana ɗauke da nauyin gobe a ƙirji, hannunsa kuwa bai taɓa kome ba. Mai shiri ya yi abin da ke gabansa yau, ya bar sauran a hannun Uba, ya yi barcinsa. Sau da yawa ma rashin shiri ne uwar damuwa. Ubangijin da ya yi wannan koyarwa shi ne ya aiki Bitrus da Yahaya su je su shirya ɗakin Idin Ƙetarewa tun kafin lokacin ci (Luka 22:8-13). Shi ne kuma, bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara ragowar har kwando goma sha biyu.

A Luka 14 Yesu ya yi misali da mai son gina hasumiya. Ainihin maganar a kan tsadar zama almajiri ce, kada mu karkatar da ita. Amma misalin ya tsaya ne a kan abin da kowa ya yarda da shi, cewa mai hankali yakan zauna tukuna ya ƙirga abin da ke hannunsa kafin ya haƙa tushe, don kada ginin ya tsaya a rabi ya zama abin dariya. Ku lura da zaman nan. Hausawa ma sun ce shirin zaune ya fi na tsaye.

Saboda haka maigida da uwargida, ku zauna. Ku nemi wani dare bayan yara sun yi barci, ku yi addu'a, ku ɗauko takarda. Abu na fari da za ku rubuta ba shinkafa ba ce, kuɗin makarantar Janairu ne da na haya, a cire su a ajiye gefe kamar babu su. Abin da ya rage shi ne na biki. A nan ne gidaje da yawa suke tuntuɓe, domin maigida yana jin kunyar faɗin abin da ke aljihunsa, uwargida kuma tana shiri bisa ga abin da take tsammani. Ba ƙasƙanci ba ne namiji ya ce, "Maman yara, ga iyakar abin da Allah ya hore mana bana." Ba raini ba ne kuma mace ta ce, "Maigida, in haka ne a bar akuya, kaji biyu sun ishe mu." Maganar da aka yi a watan tara shawara ce. Ita ɗin ce in aka bari sai 23 ga Disamba take zama faɗa.

Daga farkon Satumba zuwa Kirsimeti mako 16 ne. Wanda ya keɓe naira 2,000 kowace Lahadi zai tarar da 32,000. Ba dukiya ba ce, amma ta fi bashin 32,000. Matan Sudan suna da adashi irin namu, suna kiransa sanduk, wato akwati. Zumuntar mata za ta iya tsara nata yadda kwasa za ta faɗo kafin biki, muddin an sami uwar adashi mai tsoron Allah. Sai dai a lura da abu ɗaya. A 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 cikin ɗari, wato abin fam 100 ya wuce fam 400 cikin shekara guda. A irin wannan hali kuɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa narkewa yake yi. Mu ma mun ɗanɗana namu. Gara a mai da kuɗin kaya da kaka, sa'ad da shinkafa da wake da gyaɗa suke da araha, a shanya barkono da tumatir, a sayi ɗan tsako a yi kiwo. Yusufu hatsi ya tara, ba azurfa ba.

Maganar bashi kuwa, ba daga littafi kaɗai na san ta ba. Wata shekara na karɓi yadin anko na dukan gida a wurin wani ɗan kasuwa, da alkawarin zan biya ƙarshen Janairu. Mun yi kyau a ranar, har aka ɗauke mu hoto. Ban gama biya ba sai bayan Ista. Wata uku ina zagaye layin shagonsa, abin da ya fi muni kuma, majami'armu ɗaya. Ina tsaye ina koyar da Littafi, idona yana gudun bencin da yake zaune. A lokacin ne na gane abin da Karin Magana 22:7 take nufi da ta kwatanta mai cin bashi da bawa. Yusufu da Maryamu, da suka kai Yaron Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa (Luka 2:24), hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarda wa wadda ba ta da halin ɗan rago. Ba su ci bashin rago don idon mutane ba, alhali kuwa Ɗan Allah ne a hannunsu.

Ina roƙon fastoci da dattawa da shugabannin ƙungiyoyi su ma su ji wannan. Wani nauyin mu ne muke ɗora wa mutane. Zumuntar mata da ankonta, mawaƙa da nasu, matasa da nasu, ga godiyar kaka, ga bukukuwan aure da aka cusa duka cikin Disamba, ga gwajin waƙa kowace yamma, ga sujadar shiga sabuwar shekara. In za a yi anko, a sanar tun da damina, a kuma bar ƙofa ga wadda ba ta da hali ta sa abin da take da shi ba tare da an kalle ta ba. Na taɓa jin gwauruwar da ta ƙi zuwa sujada ranar Kirsimeti don ba ta da zanen ƙungiya. Wannan abin kunya ne gare mu, ba gare ta ba.

Marta da tukwanenta

Mukan yi saurin ba Marta laifi (Luka 10:38-42), musamman mu maza, sa'an nan mu zauna muna jiran abinci. Yesu bai ce girki zunubi ne ba. Abin da ya gani shi ne hidimomi sun yi mata yawa har sun raba ta da Baƙon da ake yi dominsa, ta kuma fara jin haushin 'yar'uwarta. Maganin ba wa'azi ba ne, rage aikin ne da raba shi. Mutanen Sudan suna da gayya, suna ce mata nafir. Kafin biki maƙwabta mata sukan taru su murza ka'ak tare, yara su ɗauki farantai zuwa gidan burodi a gasa. Aikin da zai karya mace ɗaya ya zama hira. A gidajenmu me zai hana a yi cincin tun saura mako, a kai niƙa da wuri, samari su ɗebo ruwa su faskara itace, maigida ya fige kaji? Miya ɗaya mai daɗi da uwargida a farke cikin sujada ta fi kala huɗu da ita a sume.

Masu tafiya ƙauye, ku tashi da wuri in da hali. A kwanaki ukun ƙarshe direbobi suna ninka sawu ba barci, hazo ya rufe hanya, kuɗi kuma ya hau. Ku ajiye kuɗin dawowa dabam kafin ku tashi.

Akwai kuma wani nauyin da ba a sayensa a kasuwa. Da yawa abin da ke hana su barci shi ne za su haɗu da wan da suka yi rigimar gona da shi, ko surukar da ba sa ga maciji. Yesu ya koyar a Matiyu 5:23-24 cewa sulhu yana gaba da baiko. Kada ka bari sai kun zauna a kan tabarma ɗaya gaban dangi. Kira shi yanzu. In abin ya fi ƙarfin waya, nemi dattijo ya shiga tsakani tun da sauran watanni. Kibɗawa, waɗanda ke bikin haihuwar Almasihu ranar 7 ga Janairu, sukan yi azumin kwana 43 kafin ranar, ba nama ba madara. Ba na cewa mu ɗauki al'adarsu. Amma abin tunani ne cewa su da rage ci suke shiri, mu kuwa da ƙara saye. Ga wani abu mai sauƙi: Bisharar Luka sura 24 ce. In iyali suka fara ranar 1 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare, za su kai tashin Ubangiji daga matattu a jajiberen Kirsimeti.

Ranar da shiri ya rushe

Da na tsaya a nan, da na yi muku rabin gaskiya. Ranar Asabar, 15 ga Afrilu 2023, Khartum tana tsakiyar shirin biki biyu. Musulmi suna cikin goman ƙarshe na azumi, saura kwana shida Sallah. Kibɗawa kuwa washegari ne Istarsu. Da safiyar nan faɗa ya tashi tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF, a filin jirgin sama, da hedkwatar soja, da fadar shugaban ƙasa, wadda ba ta da nisa da Suk al-Arabi. Aka wawashe shaguna, wuta ta ci waɗansu. Ka yi tunanin kayan yara da aka kai ɗinki da wuri, da zinariyar da mace ta tara shekara da shekaru domin ranar wahala. Mai tanadi da marar tanadi mota guda suka nema.

Ɗalibanmu na Nijeriya da ke karatu a can, a manyan motoci aka kwashe su zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki suna jira. A watan Mayu 'yan bindiga suka shiga majami'ar Kibɗawa ta Mar Girgis a Masalma suka jikkata mutane. Babban bishop na Anglikan, Ezekiel Kondo, ya bar babbar majami'arsa ya koma Port Sudan. Dubban ɗaruruwa suka gudu Wad Madani suka fara sabuwar rayuwa, sai ga shi a Disamba 2023, saura mako ɗaya Kirsimeti, garin ya faɗa hannun RSF, suka sake ɗaura kaya. Yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Da sojoji suka sake karɓe tsakiyar Khartum a Maris 2025, waɗanda suka koma kango suka tarar a inda kasuwa take.

Ga 'yan kasuwa Yakubu ya yi magana a sura 4, masu cewa za su je gari kaza su yi shekara su ci riba. Bai tsauta musu don sun yi shiri ba. Ya tsauta musu don sun yi shi kamar gobe tasu ce, ya tuna musu ransu kamar hazo yake, ya ce su jingina kome ga yardar Ubangiji. Mu Hausawa "in Allah ya yarda" ba ta barin bakinmu, amma sau nawa take kaiwa zuciya? Ana gane wanda ya faɗe ta da gaske ranar da abin bai yiwu ba. Kirsimeti na fari ma ba bisa ga tsarin Yusufu da Maryamu ya tafi ba. Umarnin Kaisar ya tashe su daga Nazarat, masauki ya cika a Baitalami, daga baya kuma suka gudu Masar da dare saboda Hirudus. Ubangijinmu ya san zaman gudun hijira tun yana goye.

To, me ya tsira a Khartum? A unguwannin Omdurman da Bahri da Khartum, matasa da mata suka kafa wuraren girki na jama'a da suke kira takaya. Manyan tukwane na wake ko adas, kowa ya kawo ƙwaryarsa, 'yan'uwa da ke ƙasashen waje suna turo kuɗi ta waya. Sa'ad da aka yanke layukan waya a Fabrairu 2024, tukwane da yawa suka sauka don kuɗi ya daina shigowa, da hanya ta samu kuma aka sake hura wuta. Wannan hali ba ranar yaƙi aka ƙirƙiro shi ba. Mutanen da suka saba da nafir ne, waɗanda a watan azumi sukan shimfiɗa tabarmi a bakin titi su tare matafiyi sai ya ci. Kayan da aka tara a shago sun tafi, sabon da aka yi da rabawa kuwa shi ya riƙe rayuka.

A Nehemiya 8:10, ranar da jama'a suka ji Shari'a suka fashe da kuka, Nehemiya ya sallame su su je su ci mai kyau su sha mai zaƙi, ya kuma ce su aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya. Allah ba ya ƙin biki. Amma a cikin bikinsa akwai rabon wanda bai iya shiri ba, kuma ba kowane marar shiri ne rago ba. Muna da su kusa: waɗanda aka kora daga ƙauyukansu a Borno, da Filato, da Binuwai, da kudancin Kaduna, da Zamfara, ga gwauraye da marayu a bencin baya. In ka bari sai abin da ya ragu za ka ba su, ba abin da zai ragu. A takardar nan taku, ku rubuta rabonsu a sama, kusa da kuɗin makaranta, da sunan gidan da za a kai wa. Ku rubuta kwanon maƙwabcinku Musulmi ma, wanda ya aiko muku da naman layya. In kuna auna shinkafar kaka, mudu ɗaya cikin biyar ko cikin goma a zuba shi a buhu dabam, yara su gani da idonsu, su ne kuma za su kai.

Addu'a

Ya Uba, muna kawo maka 'yan'uwanmu na Khartum da Omdurman da Bahri, da waɗanda ke warwatse a Port Sudan, da Masar, da Chadi, da Sudan ta Kudu. Ka tuna da Hausawan da ke can da dukan maƙwabtansu. Ka tsai da zub da jini, ka sa albarka a tukwanen masu ciyar da jama'a, ka ta'azantar da waɗanda za su yi bikin bana ba tare da waɗanda suka saba yi da su ba. Mu kuma da za mu zauna da takarda a makon nan, ka ba maigida gaskiyar faɗa, ka ba uwargida haƙurin ji, ka nuna mana gidan da za mu aika wa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.